Mu Yi Wa Kanmu Lissafi Kafin Mu Kwanta

(Jawabin da kwamitin ilimi da tarbiyya ya gabatar a taron ƙungiya)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda ya tara mu a wannan wuri lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah gafarta malamanmu da limamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin kasuwa da na tasha, ƙannenmu matasa da sauran jama'a, muna yi muku barka da zuwa. Haka kuma muna miƙa gaisuwar ban girma ga mai masaukinmu, Mai Martaba Agora na Zuba, tare da al'ummar Koro da Gwari waɗanda muke zaune da su lafiya. Allah ya ƙara mana zaman lafiya, amin.

An ɗora mana nauyin yin magana a kan tarbiyyar zuciya, wato hanyoyin da mutum zai bi ya san kansa, ya gane inda yake da rauni, ya kuma gyara. Mun san akwai waɗanda suka fi mu sani nesa ba kusa ba a cikin wannan zama, saboda haka tunatarwa ce kawai za mu yi, abin da muka rage malamai su cike mana.

Me Ya Sa Muka Ɗauko Wannan Magana?

Zaman Bahaushe a Zuba ba yau ya fara ba. A farkon ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa, kuma a nan Zuba ya yada zango. Bayan rasuwarsa a 1825 ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau muke kira Suleja. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke wannan yanki domin gina sabon babban birnin tarayya, sannan a watan Disamba na 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta tare. Tun daga nan Zuba ta zama mararrabar da motocin Kaduna da na Lakwaja da na cikin birni suke haɗuwa, mu kuma muka yi ta kwararowa neman abinci, wani daga Katsina, wani daga Gumel, wani daga Sakkwato, wani ma daga Maraɗi.

To jama'a, ga inda gizo yake saƙar. A garuruwanmu na asali akwai ido. Idan yaro bai fito sallar asuba ba, kafin hantsi kawunsa ya ji labari. Idan magidanci ya tauye mudu, kafin la'asar an kai wa mai unguwa. Kunya tana tsare mutum ko da tsoron Allah ya yi masa ƙaranci. A nan kuwa mutum zai kama ɗakin haya ya shekara babu wanda ya san sunan mahaifinsa. Yau ya yi ciniki da baƙon da ba zai sake gani ba, gobe ya ɗauki fasinjan da ba zai sake ɗauka ba. Idon da yake tsare mu a gida mun baro shi a gida. Idan mutum bai kafa wa kansa mai gadi a cikin ƙirjinsa ba, to babu mai gadinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa muke ganin maganar nan ta fi shafarmu mu mazauna baƙunta a kan 'yan'uwanmu da suke zaune a gaban iyayensu.

Kayan Aikin Da Muka Gada

Alhamdu lillahi ba mu rasa kayan aiki ba, magabata sun bar mana da yawa.

Na farko shi ne zikiri. Kusan kowane ɗayanmu yana da carbi a aljihu ko a gaban mota, kuma kowa ya san tasbihi 33 da hamdala 33 da kabbara 33 da ake yi bayan kowace sallar farilla, a cike na ɗari da hailala. 'Yan'uwanmu na Tijjaniyya, ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a Fas a 1815, suna da lazimi safe da yamma, da wazifa, da zikirin Juma'a bayan la'asar. 'Yan'uwanmu na Ƙadiriyya, ɗariƙar Shehu Abdulƙadir Jilani wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, suna da nasu wuridin, kuma ita ce ɗariƙar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa. 'Yan'uwanmu na Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, suna riƙe da azkar na safe da yamma kamar yadda suka zo a hadisai, irin waɗanda aka tattara a ƙaramin littafin nan Hisnul Muslim da aka fassara da Hausa. Ba mu zo nan don mu yanke wa kowa hukunci ba, wannan fagen malamai ne. Abin da muke so a lura da shi shi ne duk ɓangarorin nan sun yarda cewa harshen da ya saba da ambaton Allah yana jan zuciya zuwa ga natsuwa.

Na biyu shi ne karatun Alƙur'ani da tunani. Izu 60 ne. Wanda ya riƙe izu biyu a rana zai sauke a wata guda, wanda ya riƙe izu ɗaya zai sauke a wata biyu. Wanda bai iya Larabci ba ga tarjamar marigayi Shehu Abubakar Gumi da ta marigayi Malam Nasiru Kabara, duk da Hausa, ga kuma tafsiran malamai cike da wayoyinmu.

Na uku shi ne tsayuwar dare da azumin nafila, kamar Litinin da Alhamis, da ranakun 13 da 14 da 15 na watan Musulunci, da sittu Shawwal. Azumi yana nuna wa mutum iyakar haƙurinsa. Duk wanda yake son sanin yadda fushinsa yake, to ya dubi kansa da ƙarfe uku na rana yana azumi a tsakiyar tasha, fasinja ya tsaya masa a kan canjin naira hamsin.

Na huɗu shi ne kaɗaita, wato halwa da i'itikafi. Kafin a aiko shi, Manzon Allah (SAW) ya kasance yana keɓewa a kogon Hira, bayan hijira kuma ya lizimci i'itikafi a goman ƙarshe na watan azumi. A mazhabarmu ta Malikiyya i'itikafi sai a masallaci kuma sai da azumi. Ba kowa ne zai iya rufe rumfa kwana goma ba, mun sani. Amma zama tsakanin magariba da lisha a masallaci, waya a kashe, kowa zai iya.

Waɗannan duk kayan aiki ne masu daraja. Sai dai kowane ɗan kasuwa a nan ya san cewa yawan kaya a rumfa ba shi ne riba ba. Mutum zai iya cika rumfa da kwandunan lemo har waje, ya wuni yana karɓar kuɗi, amma jarinsa yana zurarewa bai sani ba, don kawai ba ya zama ya yi lissafi. Haka ibada take. Sau nawa muka ga mai jan carbi tun daga Zuba har Kaduna, amma ya ƙi biyan yaron motarsa haƙƙinsa? Abin da ya rasa shi ne kayan aiki na biyar, wanda shi ne ainihin maganarmu ta yau.

Muhasaba, Wato Yi Wa Kai Lissafi

Malamai suna kiran wannan aiki muhasaba. Akwai wani babban malami a Bagadaza mai suna Harisu, wanda ya rasu a 857, saboda yawan yi wa kansa lissafi har laƙabin ya bi shi, ake ce masa Muhasibi. Bayansa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗaɗa maganar a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddini. Shi kansa Gazali sai da ya ajiye babbar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, ya tafi Sham ya keɓe, domin da ya binciki niyyarsa sai ya tarar son suna ya shiga cikin karantarwarsa. Ku duba fa, malami ne da ɗaruruwan ɗalibai suke zama a gabansa, amma bai amince wa zuciyarsa ba sai da ya tuhume ta.

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne da misalin kasuwanci ya yi bayanin. Ya ɗauki mutum a matsayin mai jari, zuciyarsa kuma abokiyar cinikin da aka damƙa wa dukiya. Farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli su ne riba, saɓo shi ne faɗuwa. Ya kasa aikin gida shida, bari mu kawo su da harshen kasuwarmu.

Mataki na farko, gindaya sharaɗi. Idan Alhaji zai tura yaronsa Binuwai sayen lemo, ai ba ya cewa je ka kawai. Sai ya ce masa ga kuɗi kaza, ga irin kayan da nake so, kada ka wuce farashi kaza. To bayan sallar asuba, kafin mu fita, mu yi wa zuciya irin wannan. Mu ce mata yau ba za mu rantse a kan ciniki ba, yau ba za mu ɗora manyan lemo a sama mu ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasan kwando ba, yau azahar ba za ta wuce mu a kan lodi ba. Kada mu yawaita, abu biyu ko uku sun isa.

Mataki na biyu, sa ido. Mai kaya ba ya barin rumfa ya tafi hira har dare. Kafin magana ta fita daga bakinmu, mu tsaya daƙiƙa guda mu tambayi kanmu: don me zan faɗi wannan, kuma don wa?

Mataki na uku, lissafin kansa. Da dare, yadda muke buɗe littafin bashi mu ƙirga cinikin rana, haka za mu zauna mu bi yinin tun daga asuba. Salloli biyar, nawa muka yi a kan lokaci? Harshe, wa muka ci namansa a majalisa? Ido, me ya kalla a waya? Aljihu, akwai kwabon da ya shiga ba ta hanyarsa ba? Gida, mun shiga da fara'a ko kuwa mun juye wa iyali haushin kasuwa? Inda muka sami riba mu gode wa Allah. Inda muka sami faɗuwa mu yi istigfari, idan kuwa haƙƙin wani ne, to istigfari kaɗai ba ya wanke shi sai an mayar wa mai shi ko an nemi yafewarsa.

Mataki na huɗu, tara. A tasha idan direba ya karya layi ana cin tararsa, shi ya sa layi yake tafiya daidai. Mu ma mu sa wa kanmu tarar da za mu ji a jiki amma ba mai cutarwa ba. Wanda ya yi ƙarya a ciniki ya fitar da sadaka daga ribar ranar. Wanda hira ta sa ya makara asuba ya haramta wa kansa hirar dare ta gobe.

Mataki na biyar, dagewa. Zuciya za ta yi gardama, za ta ce yau ka gaji, bari sai gobe. A nan ake gane namiji.

Mataki na shida, yi wa kai faɗa. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mun iya yi wa yaranmu faɗa, mun iya yi wa shugabanni faɗa a teburin mai shayi. To mu riƙa ware wa kanmu kaso daga cikin faɗan nan.

Duk wannan aiki bai wuce minti goma ba a dare. Amma minti goma a kowane dare, idan aka tara na shekara, ya kai awa 60. Wane ne a cikinmu ya taɓa ba zuciyarsa awa 60 yana bincikenta?

Me Za Mu Nema Idan Mun Buɗe Littafin?

Wani zai ce to ni ba na sata, ba na shan giya, me zan tarar? A nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, ya taimake mu. A cikin littafinsa Ulumul Mu'amala ya yi bayanin cututtukan zuciya masu halakarwa da kuma halaye masu tsiratarwa. Daga cikin masu halakarwa akwai jiji da kai, da girman kai, da hassada, da riya, da fushi ba bisa gaskiya ba, da dogon buri. Daga cikin masu tsiratarwa akwai tuba, da gudun duniya, da tawakkali, da yarda da hukuncin Allah, da ikhlasi, da tsoro tare da kyakkyawan fata.

Waɗannan cututtuka ba a ganinsu a fuska, sai an tona. Ga gwaji mai sauƙi. Maƙwabcinka na rumfa wanda kuka zo Zuba a mota ɗaya, yau an sauke masa tirelar ayaba, kai kuma rabin mota ka samu. Me ka ji a ƙirjinka lokacin da kake ce masa Allah ya sa albarka? Wannan abin da ka ji shi ne gaskiyar inda kake. An kira gudummawar masallaci da lasifika ka ba da dubu goma, da a ɓoye aka zo maka nawa za ka bayar? Bambancin da ke tsakani shi ne ma'aunin riyarka. Ɗan dako ya gaishe ka ka amsa da hanci, Alhaji ya gaishe ka ka miƙe tsaye. Wannan sunansa girman kai ko da goshinka ya yi baƙi da sujada.

Mun san za a ce hali zanen dutse ne. Gazali ya amsa wannan tun tuni. A ganinsa da hali ba ya canzuwa da wa'azi da nasiha duk sun zama aikin banza, kuma idan ana iya horar da doki mai tutsu har ya bi linzami, to ɗan Adam mai hankali ya fi cancanta ya horu. Sai dai a hankali ake yi, sannu ba ta hana zuwa. A ɗauki cuta ɗaya a yi wata guda ana fama da ita kafin a koma kan wata.

Iyayenmu mata, maganar nan har da ku. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su koyar da 'yan'uwansu mata tauhidi da tsarki da kyawawan halaye. Zaman gidan haya mai ɗaki goma, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, babbar makaranta ce ta haƙuri da tsare harshe. Ke ma Hajiya ki yi lissafinki idan yara sun yi barci.

Gargaɗi Guda Uku

Na farko, a yi hattara da masu sayar da gajeriyar hanya. Duk inda baƙi suka taru, masu duba da bugun ƙasa da masu cewa za su buɗe maka ido a kwana bakwai sukan biyo su, yanzu ma har ta waya suke talla. Istihara raka'a biyu ce da addu'a, mai buƙata shi yake yi da kansa, ba a sayenta, kuma ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki. Malamin ƙwarai aiki zai ba ka ka yi, ya kuma gaya maka aibinka ko ba ka so.

Na biyu, ƙannenmu matasa. Mun san da yawa daga cikin masu shan ƙwaya da maganin tari natsuwa suke nema, damuwa ce ta yi musu yawa, ga nisa da gida, ga rashin mai jin kukansu. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma doka kwalba take kamawa, ba ta kama abin da ya kai yaro ga kwalbar. Wannan aikinmu ne mu manya. Mu ja su a jiki, mu saurare su kafin mu yi musu wa'azi.

Na uku, akwai damuwar da ta wuce ta zikiri kaɗai. Idan ɗan'uwa ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, to a yi masa addu'a kuma a kai shi asibiti ya ga likita, ga asibitin koyarwa nan a Gwagwalada. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Haka nan muhasaba ba ta nufin mutum ya yi ta dukan kansa har ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ɗan kasuwar kirki idan ya faɗi yau, gobe da sassafe yana rumfa.

Shawarwarinmu

Muna roƙon limamanmu su ware dare ɗaya a mako, tsakanin magariba da lisha, a riƙa karanta ɗaya daga cikin littattafan tarbiyyar zuciya ana fassarawa da Hausa, kowa ya zo ba tare da tambayar ɓangarensa ba. Muna roƙon kowane ɗayanmu ya nemi aboki ɗaya mai gaskiya, ya ba shi izinin gaya masa aibinsa a keɓe, domin ido ba ya ganin kansa, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Muna roƙon iyayen gida su riƙa tambayar yaransu sallarsu kamar yadda suke tambayarsu cinikin rana. Daga ƙarshe, kowa ya fara lissafinsa daga daren yau, kada a jira watan azumi.

Masu masaukinmu da sauran ƙabilun da muke cuɗanya da su ba sa shiga masallacinmu su ga yawan nafilarmu. Abin da suke gani shi ne mudunmu da alkawarinmu da yadda muke biyan bashi, kuma da shi suke auna Bahaushe da addininsa. Idan zikirinmu ya gyara waɗannan, to ya isa zuciya.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya sa wa nemanmu albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Zuba da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah ya ba mu ikon aiki da shi.

Wassalamu alaikum warahmatullah.